Jawabina a Liyafar Tegwen

Lahadi, 12 ga Janairu, ƙarfe goma na safe

An kwana ana ruwa. Jawabin jiya ya yi kyau, kowa ya faɗa. Minti goma sha ɗaya na yi a tsaye a zauren kulob ɗin rugby, wato ƙwallon zari-ruga, aka yi dariya sau tara, ban da wadda Gethin Rowlands ya yi shi kaɗai bayan kowa ya gama, don shi sai magana ta huce take isa kunnensa. Shekara ashirin da shida ina kula da ɗakin karatun garin nan, aikina in ce wa mutane su yi shiru. To idan aka miƙo mini lasifika sau ɗaya a shekara, ba na yi mata riƙon wasa.

Liyafar ta 'yata ce, Tegwen. Garin ya farka ya tuna cewa yarinyar da ta tashi a layinmu ta buga wa ƙasa netbol, wasan jefa ƙwallo cikin zobe da hannu, sau casa'in da tara, kuma ranar takwas ga Fabrairu, a Cardiff, za ta cika ɗari a ɗora mata hular girmamawa. Tun tana 'yar shekara goma sha takwas take bin wannan hular, yanzu tana da talatin da ɗaya. A bangon zauren akwai hular wani tsohon ɗan rugby da ya buga wa ƙasa sau ɗaya tak, an sa ta a gilashi da fitila a kanta. Na ambaci hakan. Dariya ta biyu ke nan.

Tegwen ta tashi kafin a kawo kayan zaƙi. Menna, matata, ta ce kanta ne ke ciwo. Ita ma Mennan ba ta ce uffan ba a mota. Wataƙila ciwon kan ne ke yawo.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Na kira. Tegwen ba ta ɗauka ba.

Litinin, 13 ga Janairu, ƙarfe ɗaya na rana

Mutum huɗu suka tsaya a teburina don su yaba. Misis Beynon, wadda ke zuwa kullum karanta jarida don ta ga wa ya riga ta mutuwa, ta ajiye jakarta ta ce, "Idwal, ka kusa kashe ni shekaranjiya. Musamman wurin nan da ka juya mana baya ka kama kujera. Sake yi mini don Allah, ƙanwata ba ta samu zuwa ba."

Na ce mata nan ɗakin karatu ne.

"Au, yau kuma kunya ake ji?"

Sai ta yi shi da kanta, tsakanin kantar tarihi da ta girke-girke, da shekarunta saba'in da takwas. Ta fi ni iyawa.

Na kira sau biyu.

Talata, 14 ga Janairu, ƙarfe shida na yamma

Menna ta dafa romon rago da dankali, ta zuba mini, ta ɗauki nata ta tafi ɗakin baya. A shekara talatin da huɗu na aurenmu sau biyu ta taɓa yin haka, kuma duka biyun ni ne da gaskiya, ko da yake har yau ba a fitar da sanarwa ba.

Tunda ba mai yi mini magana, bari in rubuta abin da na sani game da sana'ar 'yata. Ba shi da yawa. Ita ce mai jefawa. Wurinta rabin da'ira ne a gindin wani ƙarfe mai tsawon ƙafa goma, da zobe a kansa, babu wani allo a baya da zai rufa wa mutum asiri. Sauran 'yan wasa suna ta gudu suna haɗa gumi don ƙwallo ta iso hannunta. In ta iso, daƙiƙa uku gare ta. Ƙafar da ta fara dira a kanta kuwa, nan za ta kafe har ƙwallo ta bar hannunta. Na sha faɗa a teburin abinci cewa 'yata ce kaɗai na sani da ta yi suna a duniya ta hanyar tsayawa wuri ɗaya.

Tun tana da shekara tara take jefa ɗari biyu a bayan gida kafin ta tafi makaranta, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Ina jin ƙarar zoben daga sama, sai in rufe taga. Menna ce ta kai ta ko'ina, a tsohuwar motarmu mai warin jiƙaƙƙen takalmi. Ni ma na je wasanni, kada tarihi ya zalunce ni. Na je kusan ashirin. A ɗaya daga cikinsu na karance daular Rum daga tasowarta har faɗuwarta, aka tashi ban san wa ya ci ba.

Laraba, 15 ga Janairu, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Menna ta yi magana. Ina shafa man shanu a burodi ta tsaya a ƙofar kicin, rigar ruwa a jikinta.

"Teburi na biyu," in ji ta.

"Na'am?"

"Su wa ke zaune a teburi na biyu, sarkin magana?"

Na ce ban riƙe ba, fitila na haska mini ido.

"Delyth Howells, mai horar da ƙungiyar ƙasa. Kusa da ita likitar 'yan wasa. Kowa na dariya, su biyun suka kalli juna. Na gan su. Tegwen ta gan su. Kai kana can kana jiran tafi."

Na ce ai raha ce, kowa ya san raha ce.

"Jibi za su ɗauki hoton gwiwar Tegwen. In ta ƙi, babu ita a jerin sunaye. In ta yarda kuma..." Ta ja zif ɗin rigarta har wuya. "Ci burodinka."

Alhamis, 16 ga Janairu, ƙarfe uku na rana

Ruwa. Na kira. Na sake jera kantar waƙoƙi, ba don tana bukata ba.

Juma'a, 17 ga Janairu, ƙarfe bakwai na yamma

Menna ta raka Tegwen asibiti, ta dawo da magariba. Na dafa mata shayi, na tsaya a kanta kamar yaron otal.

"Yaya?"

"An ɗauka."

"Me suka ce?"

"Ba a aiko ni gare ka ba."

Ta sha rabin shayin, sannan ta ce tun Oktoba ta sani. Na ce yaya aka yi, Tegwen ce ta gaya mata? Ta kalle ni yadda nake kallon masu naɗe gefen shafin littafi.

"Shekara goma sha uku tana dira da ƙafar hagu. A wasan Oktoba ta koma dira da dama. Duk wanda ya ɗago kansa zai gani."

"To ita Delyth ba ta gani ba?"

"Ta gani mana, makauniya ce? Tegwen ta ce mata sabon salo take gwadawa, ita kuma ta ga dama ta yarda, tunda ƙwallo na shiga. 'Yan wasan ma sun sani. Saura wasa ɗaya, Idwal. Kowa ya kawar da kai, haka ake yi wa tsohuwar 'yar wasa. Amma abin da aka faɗa a gaban mutum ɗari da arba'in da lasifika, babu likitar da za ta ce ba ta ji ba."

Na ce da wani ya gaya mini.

"An gaya maka," in ji ta, ta ɗauki kofinta ta wuce.

Lahadi, 19 ga Janairu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Zan rubuta shi sau ɗaya. Kwana takwas ina zagaye shi.

Tegwen ta zo mana hutun Kirsimeti na kwana biyar. Wata safiya na fito daga banɗaki na same ta tana saukowa daga bene da baya, hannu biyu a kan katakon riƙo, mataki ɗaya-ɗaya, kamar mai shiga rijiya. Ta fi minti biyu kafin ta kai ƙasa. Da ta ɗago ta gan ni, sai ta ce, "Baba, ba ka ga komai ba." Na ce, "Ni? Ai ko tabarauna ban sa ba." Muka yi dariya mu biyu.

Abin da na yi a zauren ke nan. Na juya baya, na kama kujera, na ce, "Jama'a, ku da kuke ganinta a talabijin tana shawagi, ga yadda gwarzuwar ƙasa ke saukowa karin kumallo a gidanmu." Dariya ta bakwai, wadda ta fi kowacce tsawo.

Ban manta abin da ta ce mini ba. Da mantawa na yi, da da sauƙi. Ranar Juma'a, jajiberin liyafar, ina gwada jawabin a gaban madubi na tuna sarai, sai na ce a raina wurin ya yi kyau da yawa a ce an cire shi.

Litinin, 20 ga Janairu, ƙarfe biyar na yamma

Na rubuta mata wasiƙa shafi uku. Da na karanta, na ga har a cikinta akwai wuri biyu da nake neman ta yi dariya. Na yaga.

Laraba, 22 ga Janairu, ƙarfe takwas na safe

Ruwa. Ban kira ba. Ina ganin wannan ma ci gaba ne.

Juma'a, 24 ga Janairu, ƙarfe shida da rabi na yamma

An fitar da sunaye goma sha biyu. Na karanta sau uku, kamar mai neman kuskuren ɗab'i. Babu kuskure. Mai jefawa wata yarinya ce, Mared Tudor, 'yar shekara ashirin. Can ƙasa an rubuta layi ɗaya, wai Tegwen Prosser ba za ta samu bugawa ba saboda rauni.

Na haɗu da Gethin a layin sayen soyayyen kifi. Tare muka yi firamare da shi, tun lokacin kuma bai koyi rage murya ba.

"Kai, mutumina, ashe da gaske ne! Wallahi na zaci ƙirƙira ka yi."

Na ce ya sassauta, mutane na ji.

"Su wa? Ai duk suna wurin." Ya karɓi kifinsa, ya barbaɗa gishiri kamar mai shuka. "To amma meye abin tayar da hankali? Minti ɗaya fa ake bukata. Mu a rugby an sha yi. Saura minti ɗaya a tashi, a shigar da tsoho, ya taɓa ƙwallo ko bai taɓa ba, an rubuta ya buga. A ba shi hularsa, kowa ya yi kuka, a tafi mashaya. Wani ya je ya yi wa matar nan magana kawai. Kai da ka iya baki."

Na ce masa bai san abin da yake faɗa ba.

Asabar, 25 ga Janairu, ƙarfe tara na safe

Gethin wawa ne, kowa ya sani. Amma ko tsayayyen agogo yakan yi daidai sau biyu a rana.

Litinin, 27 ga Janairu, ƙarfe shida na yamma

Na ɗauki hutun rabin yini, na ce wa Menna taron ma'aikata za ni. Na samu Delyth a zauren atisaye, zaune a kan benci tana cin burodi da cuku daga cikin takarda. Gajeruwa ce, da ƙyar ta kai kafaɗar 'yan wasanta, amma na lura duk wadda ta wuce gabanta sai ta miƙe baya. A hanya na shirya abin da zan faɗa, da gabatarwa da misali daga tarihi. Ko jimlar farko ban gama ba.

"Mista Prosser, kada ka yi mini jawabi. Na ji guda."

Sai na faɗa a taƙaice. Minti ɗaya, a ƙarshen wasa, in an yi nisa da ci.

"Ita ta aiko ka?"

"A'a."

"Ta san ka zo?"

"A'a."

"Menna fa?"

Ba ta jira amsa ba. Ta naɗe takardar burodin ta cusa a aljihu.

"Ni na ba ta rigarta ta farko," in ji ta. "Kana tsammanin ban kwana da abin nan a raina ba? Likita ta ce tsayuwar minti ɗaya a gindin zobe ba za ta ƙara lalata abin da ya riga ya lalace ba. Zan duba. Amma ka sani, in ta tambaye ni, ba zan yi mata ƙarya ba."

Na ce ai ba za ta tambaya ba.

"Ka tabbata 'yarka muke magana a kai?"

Na dawo gida ina fito a mota. Ina so wannan ya shiga rubutu: har gida ina fito.

Laraba, 29 ga Janairu, ƙarfe bakwai na yamma

Wayar Menna ta yi ƙara tana kicin. Ta bango na ji muryar Tegwen, ban ji kalmomin ba, amma na ji dariyarta, irin wadda take yi tun tana ƙarama, mai ƙarewa da tari. Bayan nan Menna ta kawo faranti biyu ta zauna a teburi ɗaya da ni.

"An mayar da ita," in ji ta. "Ta ce Delyth ta kalli atisayenta na jifa jiya, hamsin cikin hamsin a tsaye, ta ce ba za ta iya barin irin wannan hannun a gida ba."

Na ce madalla.

"Ka ga ikon Allah? Duk da kai."

Na ce ikon Allah kam.

Na ci abinci da daɗi. Har ƙari na yi.

Juma'a, 31 ga Janairu, ƙarfe biyu na rana

Tegwen ta zo ɗakin karatu da hantsi. Sai da ta sunkuya ta shigo ƙofar sashen jaridu, kamar kullum. Akwai mutum shida a zaune, har da Misis Beynon. Ta zo teburina ta dafa shi da hannu biyu, ta yi magana da raɗa. Ni na koya mata cewa a nan raɗa ake yi.

"Baba, ina ka je ranar Litinin?"

Na ce taro.

"Baba."

Na faɗa mata.

"Kwana ɗaya na yi ina murna. Kwana ɗaya cur. Sai na ce wa kaina, tun yaushe Delyth ta fara canza jerin sunaye saboda atisayen tsaye? Na tambaye ta." Ta numfasa. "Ka san an cire wata don in samu wurin zama? 'Yar tsakiya ce, wasanta na farko ke nan, kakarta ta riga ta sayi tikiti. Na ce a mayar da ita, an ce an riga an miƙa sunaye, ba a taɓawa."

Na ce gyara na so in yi.

"Casa'in da tara ɗin nan, akwai wanda ka roƙo mini a ciki?"

"Babu."

"Akwai wanda wani ya roƙo mini?"

"Babu."

"Na farkon na san ka. Bakinka ne, ba ka iya riƙe shi, tun ina yarinya haka kake, da na huce. Amma wannan zama ka yi ka yi tunani, ka sha mai, ka tuƙa mil talatin, don ka je ka yi mini bara."

Na ce Tegwen, ki zauna mana, ƙafarki.

"Kada ka sake ambaton ƙafata a gaban mutane."

Ta juya ta fita. Ba wanda ya ɗago kai daga jaridarsa, kuma ba wanda ya buɗe shafi. Misis Beynon ta tafi ba ta yi mini sallama ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu, ƙarfe takwas na safe

Menna ta koma ɗakin baya. Wannan karon ba ta zuba mini ba.

Litinin, 3 ga Fabrairu, ƙarfe ɗaya na rana

Na karanta labarin sarakuna da yawa da suka yi kuskure, suka tura runduna ta gyara, rundunar ta ƙone garin. Nakan yi musu dariya a gefen shafi da fensir.

Laraba, 5 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Gethin ya ɗaga mini hannu daga tsallaken titi, ya ɗaga babban yatsa. Ya riga ya gaya wa rabin gari cewa za a shigar da ita a minti na ƙarshe. An ɗauki hayar bas biyu.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na safe

Na ce wa Menna ina ganin gara in zauna a gida gobe.

"Za ka je," in ji ta, tana goge tukunya ba ta juyo ba. "Za ka zauna kusa da ni, ka buɗe idonka, ka ga abin da ka dafa."

Lahadi, 9 ga Fabrairu, ƙarfe goma na safe

Da 'yan Scotland aka buga. Zauren ya cika, mutanen garinmu sun mamaye kusurwa guda da tutoci da wani farin ƙyalle da aka rubuta ɗari a kai da jan fenti.

Tegwen na benci, rigar sanyi a zuge har wuya. Yarinyar nan Mared ta zubar da jifa uku na farko. Da aka tafi hutun farko Tegwen ta ja ta gefe, ta riƙe mata gwiwar hannu, ta ɗaga ta kaɗan, ta faɗa mata wani abu a kunne. Bayan nan sau biyu kawai yarinyar ta kuskure. Ban taɓa sanin cewa tsayawa wuri ɗaya aiki ne haka ba. Ana tura ki, ana taka ki, hannun wata na gaban idonki, mutum dubu biyu sun riƙe numfashi, ke kuma ki saki ƙwallo kamar mai ajiye ƙwai a kan kanta.

Saura minti biyu muna gaba da goma sha ɗaya. Kusurwarmu ta fara kiran sunanta, Gethin ne ya tayar, sai zauren gaba ɗaya ya ɗauka, har da 'yan Scotland. Delyth ta juya ta miƙa mata ƙyallen da ake mannawa a ƙirjin mai jefawa. Tegwen ta karɓa. Jama'a suka miƙe tsaye. Ta riƙe shi a hannu, tana kallon filin. Sannan ta ajiye shi a kan benci kusa da ita, ta haɗa hannu biyu a baki ta yi wa Mared ihu ta koma gindin zobe.

Kiran sunan ya ci gaba na ɗan lokaci, yana raguwa, har ya mutu. Aka busa tashi. Wani jami'i na tsaye a gefe da ƙaramin akwatin hular girmamawa a hannunsa, ya rasa inda zai sa kansa, daga baya ya fita da shi ta ƙofar baya.

Menna ba ta yi kuka ba sai a mota. Ta ce, "Ka ga 'yata?" Na ce na gani.

Laraba, 12 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma

Jarida ta ce gwiwar ce ta hana ta tashi. Mu uku da Delyth mun san ba haka ba ne. Gethin yana ta tambaya. Ban gaya masa komai ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Tegwen ta zo cin abincin rana. Menna ta gasa kaza. Sun yi hirar Mared, da kakar yarinyar da aka cire, wadda Tegwen ta je har gida ta ba haƙuri. Ni na miƙa gishiri da aka nema. Da Menna ta tashi kwashe kwanuka, Tegwen ta juyo gare ni.

"Jibi za a yi mini aiki. Likita ya ce da na ci gaba da dira a kanta har bazara, da kafin in kai arba'in sanda zan riƙe."

Na ji wani abu ya fara ɗagowa a ƙirjina. Ta gani.

"Na san abin da kake jira, Baba. Kana jira in ce ka cece ni. Ba zan faɗa ba. Ba don ka cece ni ka yi ba, don a yi dariya ka yi."

Na ce haka ne.

"Kuma ban huce ba. Ban san ranar ba."

Na ce na ji.

"Ƙarfe bakwai ake son ganina a asibiti. Mama ta yi shekara ashirin da biyu tana kai ni wurare. Kai za ka kai ni."

Daga kicin Menna ta ce, "Ka duba mai tun yau."

Talata, 18 ga Fabrairu, ƙarfe takwas da kwata na safe, ɗakin jira na asibiti

Na ɗauko ta shida da kwata. Na tura kujerar gaba baya har ƙarshe tun kafin ta fito. Tafiyar minti arba'in ce, ban kunna rediyo ba, ban ce komai ba. A hanya mun wuce abubuwa aƙalla huɗu da a da sai na yi magana a kansu.

Na ɗauki jakarta har ƙofar sashen. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi sunan wanda za a kira in an gama, Tegwen ta nuna ni da haɓa. Aka ce ta shiga ta canza kaya. Ta yi taku biyu ta tsaya, ta juyo. Fuskarta ta yi fari. Ban taɓa ganin tana jin tsoro ba, ko kuwa ban taɓa dubawa ba.

"Baba, shirun nan naka ya fara ba ni tsoro. Faɗi wani abu mana. Ko na banza ne."

Na buɗe baki. Na lalubi ko'ina, babu komai. Sai na kama hannunta, na dama, na riƙe. Tafin duk kanta ne, kamar na maƙeri.

"To," in ji ta. "Wannan ma ya yi."

Ta shiga. Sun ce awa uku. Ina nan zaune.